Zangon Gaggafa Mai Taurari Biyar

Ranar wata Asabar a tsakiyar watan Yuni, lokacin da itatuwan tei masu ƙamshi, waɗanda ƙudan zuma ke so, suka yi fure, ayarinmu ya tashi daga Braila da sabon madugu a gaba.

Ƙungiyar tamu ba babba ba ce. Gida biyar ne, duk mun yi ritaya, kowa da tsohuwar motarsa da ɗakin tafi-da-gidanka da yake ja a bayanta. Duk bazara mukan fita yawo, mu sauka a wannan zango yau, jibi mu ɗaga zuwa wani. Dukiyar ƙungiyar abu biyu ce: baƙar tukunyar ƙarfe da ake ratayawa a kan wuta, da wani dogon ludayin katako. Wanda ludayin yake hannunsa shi ne madugu. Shi ke zaɓen zango, shi ke shiga gaba, shi ke dafa tukunyar farko, idan ta nuna kuma ya buga gefenta da ludayin a taru a ci. Doka ɗaya gare mu. Idan rana ta faɗi a ranar farko alhali akwai gidan da bai ci daga tukunyar madugu a zangon da ya zaɓa ba, ludayi ya bar hannunsa.

Tun rasuwar mijinta ludayin yake wurin Aglaia, tsohuwar mai kantin magani, mace mai ƙarancin magana da yawan gaskiya. Da littafi take jagora, wani littafin zango mai kauri wanda bangonsa ya rabu da shi tuntuni, ta ɗaure shi da robar ɗaure gashi. Ba ta taɓa barinmu da yunwa ba.

Mijin ƙanwarta Ortansa, wato Traian Dumbrava, ya ƙare aikinsa yana sayar da tukwanen kashe gobara, sana'ar da ta koya masa yin magana da tabbaci a kan abin da bai taɓa gani ba. 'Yarsa Doina ta aiko masa da waya daga Torino ta Italiya. A cikin wayar ya samu wata manhaja inda matafiya ke rubuta labarin zangunan da suka sauka, su ba su taurari. Mai yawan rubutu matsayinsa na hawa. Traian ya raɗa wa kansa suna Gaggafar Danube, da sunan babban kogin da ke gefen garinmu, kuma a sanyi ɗaya ya rubuta labarin zanguna daga Portugal har Girka ba tare da ya tashi daga kujerarsa ta kusa da murhu ba. Dabararsa mai sauƙi ce. Zai buɗe hoton da aka ɗauko daga sama, in ya ga kore, ya ga dogayen akwatuna a jere, sai ya kafa alama ya rubuta: ruwan zafi, wutar lantarki, maƙwabta masu kirki. Da bazara ta zo ya sa aka rubuta sunan a hularsa, ya kuma zana shi da fenti a bayan ɗakinsa, tare da wani tsuntsu mai kama da kazar da ruwa ya daka.

A taron shirin tafiya ya ajiye wayar a kan littafin Aglaia.

"Yaya, lokacin da aka buga littafin nan naki Doina ba ta yi aure ba. Yau 'yarta tana makaranta."

"Kuma har yau bai taɓa cewa in sa shi caji ba, mijin Ortansa."

Shekara arba'in ke nan ba ta taɓa kiransa da sunansa ba.

"Ki ba ni ludayin nan rana ɗaya. Rana ɗaya tak, ki ga yadda ake tafiya a wannan zamanin."

"Baban Doina, zauna," in ji Ortansa, matarsa. Bai zauna ba.

Aglaia ta dube shi ta saman tabarau. "Na ba ka. In kowa ya ci tukunyarka, ka riƙe ludayi, in kuma ba ka littafin ka hura wuta da shi. In ba a ci ba, ka koma wutsiyar ayari, kuma kai za ka riƙa zubar da tankunan bayi na kowa har mu dawo gida."

"Ki fara yi wa littafinki ban kwana."

Na tambaye shi ina za mu. Ya ce wani zango ne a dajin tei, bayan Babadag, mai taurari biyar cif.

"Wa ya ba shi taurarin?"

"Masana, Malam."

"Su nawa?"

"Ka koyar da adabi shekara da shekaru, ai ka san ba yawan masu magana ake dubawa ba, nauyinsu ake dubawa."

Na duba daga baya. Masanin guda ɗaya ne, kuma yana da fukafukai.

Dole a faɗi gaskiya, karon farko shi ya ci. Littafin Aglaia ya ce a gangara bakin kogi a jira jirgin fito, domin an buga shi kafin a gina gada. Ita ma ta san da gadar, kamar kowa a Braila, amma ba ta amince wa abin da babu shi a shafi. Wayar ta ce a hau gada, muka hau, kafin a ce me muna ƙetare. Nan Traian ya tsayar da ayari duka, ya fito ya tsaya bakin titi, hannu a ƙugu.

"Yaya, da yanzu muna layi a bayan motar kankana."

"Gada ba zango ba ce," ta ce ta taga. "Kuma ba kai ka gina ta ba."

Wayar tana da muryar mace, mai ladabi, wadda ba ta taɓa cewa ta yi kuskure. In ta ɓatar da kai sai ta ce tana sake lissafi. Bayan Macin ta ce mu bar kwalta mu yanke ta wani ƙauye. Titin ƙauyen guda ɗaya ne, kuma ranar Asabar ce, sai muka tarar da biki a kansa: amarya da ango a ƙasa, masu kiɗa a gaba, dangi a baya suna rawa ba sa sauri. Babu wurin wucewa, babu wurin juyawa. Muka sa motoci a giya ta ɗaya muka bi bayan amarya har ƙofar coci. Wata tsohuwa ta zo ta ɗaura wa madubin Traian farin tawul, irin wanda ake ɗaura wa motocin dangi, wani dattijo kuma ya sumbace shi a kumatu biyu ya tambaye shi lafiyar mutanen gidan ango. Traian ya amsa cewa suna nan lafiya, yana ɗaga wa jama'a hannu.

"Kun gani ko?" ya ce mana da muka kuɓuta. "Wane littafi ne zai shirya muku irin wannan tarba?"

Daga cocin hanyar ta koma ta tsakuwa, daga tsakuwa ta koma sawun tarakta, daga nan ta shiga gonar alkama ta ɓace. Matar cikin wayar ta ce tana sake lissafi, daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Sabis ya ɗauke.

Traian ya ce abu ne mai sauƙi, sabis a sama yake. Ya hau tsanin bayan ɗakinsa ya tsaya a kan rufi, waya a sama, yana juyawa a hankali kamar mai neman wata. Ya ja da baya taki ɗaya, ya ƙara, sai muka ji ƙarar roba ta fashe, tsawonsa kuma ya ragu da rabi. Ƙafarsa ta dama ta ratsa murfin tagar rufi.

Ortansa ta buɗe ƙofar ɗakin ta leƙa.

"Baban Doina, takalminka yana kan matashin kaina."

"Na samu sandar sabis ɗaya," ya amsa daga sama. "Kada kowa ya taɓa ni."

Ya tsaya a haka har taswira ta dawo. Likita Mitu, wanda ya yi rayuwarsa yana cire haƙoran mutane, shi ya zare masa ƙafar, ya ce ta fi turamen haƙori saurin fitowa. Murfin ya zama gutsattsari. Traian ya ce dama ɗakin yana buƙatar iska.

Da muka kusa dajin ya tsaya ya fesa turaren da Doina ta aiko masa, ya ce dole madugu ya gana da manajan zango cikin mutunci.

Rana ta ɗan karkata muka isa. Fili ne kore a bakin daji, ƙamshin furen tei ya cika shi har yana sa mutum jiri. Ga dogayen akwatunan nan a jere a kan tayoyinsu, kamar yadda hoton ya nuna. Sai dai daga ƙasa kowane an fente shi gida-gida, shuɗi da rawaya da ja, kowane gida da 'yar ƙofarsa, kuma iskar wurin gaba ɗaya tana ruri. Babu yaron da aka haifa a ƙasar nan da bai san tirelar amya ba. Duk lokacin furen tei masu zuma kan jawo su bakin daji.

Muka fito muka tsaya muna kallon akwatunan.

"Sabon samfuri ne," in ji Traian. "Na Jamus. Ƙananan tagogi, saboda zafi."

"Masu ɗakin suna ta shige da fice ta tagogin," in ji Likita Mitu.

"To masu zuma ba matafiya ba ne? Ba a kan taya suke kwana ba? Zuma a bakin ƙofa, kyauta. Wannan ƙari ne, na ma manta ban faɗa muku ba."

Aglaia ta duba filin daga wannan kai zuwa wancan. "Madugu ya zaɓi zango. A dafa." Ta koma motarta ta ɗaga gilashi.

Daga bayan wata tirela wani ƙaton mutum ya fito, hular raga a kansa, baƙin kare a bayansa. Ya ɗaga ragar ya ƙirga ɗakunanmu da ido. Sunansa Ilarie, tsohon likitan dabbobi ne daga Tulcea, amyoyin duk nasa ne.

"Ku ma ruwan zafin kuka zo nema?"

"Wane ruwan zafi, maigida?" in ji Aglaia, wadda ta sauke gilashi daidai faɗin yatsa.

"Wanda wani jaki ya rubuta a waya. Tun farkon fure ban huta ba. Jamusawa sun zo da tawul a wuya. Wasu 'yan Holland sun jawo igiyar wuta suna neman inda za su jona, suka cusa ta a ƙofar amya. Wani ɗan Czech ya zubar da tankin bayinsa a kwamin da zumata ke shan ruwa. Kowa ya nuna mini waya, wai Gaggafar Danube ya ce."

Babu wanda ya dubi Traian. Mun yi ƙoƙari sosai wajen rashin dubansa. Shi kuwa ya cire hularsa a hankali, kamar mai jin zafi, ya cusa ta cikin wando.

"In ka gan shi me za ka yi masa?" Aglaia ta tambaya.

"Ban yanke ba tukuna, uwargida. Kullum da safe ina ƙara wani abu." Ya shaƙi iska ya juya ga Traian. "Dattijo, wane ne ya zuba maka wannan turaren? Zuma ba ta son sa. Ni ma haka."

"Daga Italiya yake."

"To ka mayar musu. In za ku dafa abinci ku dafa can gefe, ku tafi. Kada ku tsaya a gaban ƙofofin, kada ku taɓa tirela, kada ku yi hayaniya. Akwai amyar da ke shirin yin ƙaura, tun safe nake gadinta."

Traian yana da matsala biyu, sanƙonsa a rana da kuma bayan ɗakinsa, inda sunan yake da haruffa masu tsawon hannu. Ta farko Ortansa ta warware ta, ta ba shi malfarta mai furannin roba. Ta biyu tana buƙatar ya yi ribas har bayan ɗakin ya shige cikin wata sarƙaƙiya, kuma duk ƙungiyar ta san Traian bai taɓa yin ribas da ɗaki a baya ba. Yakan zagaya gari guda don kada ya yi.

Ya juya sitiyari dama, ɗakin ya tafi hagu. Ya juya hagu, ɗakin ya naɗe ya zo yana leƙen shi ta tagar direba. A gwaji na gaba kusurwar ɗakin ta sumbaci tirelar amya, a hankali, kamar gaisuwa. Rurin filin ya canza murya. Ilarie ya ɗago kai daga nesa.

"Iska ce," Traian ya ɗaga murya.

A ƙarshe muka cire ɗakin daga mota muka tura shi da hannu, tsofaffi huɗu masu ciwon baya, har gaggafar ta nutse cikin ƙaya. Ƙofar ɗakin ma ta nutse tare da ita, amma Traian ya ce babu mai buƙatar ƙofa kafin dare.

Ya kafa ƙafafun tukunya uku, ya hura wuta, ya fito da kifin da muka sayo da asuba a bakin kogi. Miyar kifi mai tsami za a yi, da tuwon masara. Yana yanka albasa zuma ta fara zuwa duba furannin malfar. Da ta ga na roba ne sai ta nemi wanda zai biya.

Harbin farko a kunne.

"Magani ne," ya ce. "Masu sanyin ƙashi kuɗi suke biya a yi musu wannan."

Na biyu a leɓe. Na uku a fatar ido. Na huɗu ya samu Likita Mitu a wuya, shi kuwa ba shi da sanyin ƙashi, ya ja matarsa suka shige mota. Sauran gidajen suka bi sahu. Ni na ɗan daɗe, saboda ina son in ga ƙarshen abin, sai wata ta shiga hannun rigata, na tuna ana ganin komai sarai ta gilashi. Ortansa ta shiga motar yayarta. Ya rage Traian shi kaɗai a tsakiyar fili, cikin malfa mai furanni, ido ɗaya a rufe, leɓe kamar tumatir, yana juya miya da hannun dama yana kaɗa iska da na hagu, baƙin kare yana zaune yana kallonsa.

Da miya ta nuna ya duba motocin, ya ga babu mai niyyar fitowa. Ya ɗebo ludayi guda, ya tara hannu a ƙarƙashinsa, ya nufo motata.

"Malam, buɗe."

"Akwai uku a kafaɗarka."

"Tare muke. Buɗe kaɗan, dokar ba ta ce a ci a zaune ba."

Na sauke gilashi daidai bakin ludayi na kurɓa. Miyar ta yi daɗi, kuma ba kaɗan ba. Traian ya iya miyar kifi fiye da duk wanda na sani a Braila. Shi ne abu ɗaya da ya iya, kuma shi ne abu ɗaya da bai taɓa yin fariya da shi ba.

Likita Mitu ya ce ba zai sha ba sai an bar shi ya duba leɓen. Traian ya manna fuskarsa a gilashi.

"Shekara arba'in ina wannan aiki ban taɓa kumbura mutum haka ba," in ji Likita. "Kuma na yi ƙoƙari."

Ya sha. Gida na uku suka sha, suna roƙonsa ya yi nisa da su. Ortansa ta miƙo baki ta tagar baya ta kurɓa a madadin gidansu, ta ce gishiri ya yi daidai, ta ce kuma in ya mutu ba za ta gaya wa Doina yadda aka yi ba. Saura mutum ɗaya.

"Yaya."

Aglaia ta ɗago kwanonta da cokalinta ta nuna masa ta gilashi. "Ni ba fursuna ba ce da za a ba ni abinci ta taga. Madugu ya buga tukunya yadda aka saba, in fito in zauna in ci. Ba zan cuce ka ba, mijin Ortansa. Cokali ɗaya na kai baki, ludayi naka ne."

Ta kuwa ciro littafin ta ɗora a cinyarta, ta shafa shi sau ɗaya. Na gani.

Traian ya juya ya nufi tukunya, yana tafiya irin ta wanda za a naɗa. Da yake idonsa na hagu a rufe yake, bai ga abin da ke faruwa a hagunsa ba. Amyar da Ilarie ke gadi ta fashe. Zuma tana fitowa kamar hayaƙin taya, tana taruwa a sama, ta zama wani baƙin girgije mai juyawa a kan filin, yana neman inda zai sauka.

Akwai tsohuwar al'ada a ƙauyukanmu, in zuma ta tashi ƙaura a riƙa buga ƙarfe, wai ƙarar ce ke saukar da ita. Marubutan dā sun ambace ta, na zamani kuma sun ce camfi ne. Ilarie, wanda ya ja da baya har jikin motata yana kallon sama, yana tare da na zamani.

"Kakata takan buga kasko," ya ce mini ta gilashi. "Shirme ne. Zuma ba ta ma ji."

Traian ya ɗaga ludayi. Aglaia bugu uku take yi. Shi ya ga wannan ranar ta fi ƙarfin bugu uku, sai ya shiga kiɗa, da sauri da sannu, har da 'yar rawar kafaɗa. Aglaia ta buɗe ƙofa ta sauke ƙafa ɗaya.

Girgijen ya tsaya. Ya karkata. Ya gangaro kai tsaye kan mai kiɗa.

Aglaia ta mayar da ƙafarta ta rufe ƙofa.

Abin da Traian ya yi a cikin duhun nan ban gani duka ba. Na ga malfa ta tashi. Na ga ludayi yana wulwulawa. Na ga ya ruga gaba, ya tuna da wuta, ya ruga baya, ƙafarsa ta harɗe ɗaya daga ƙafafun tukunyar. Tukunya ta sunkuya a hankali ta kashe wutarta da kanta. Zumar kuwa ba shi take nema ba. Ta wuce ta kansa, ta hau rufin ɗakin, ta samu tagar da ya buɗe mata da ƙafarsa, ta zuba ciki kamar ana ɗura hatsi a buhu.

Filin ya yi tsit, sai ƙarar baƙin kare yana cin kifi a kan ciyawa.

"To," in ji Ilarie, "Allah ya ji ƙan kakata."

Muka fito ɗaya bayan ɗaya. Traian yana zaune a ƙasa, ludayi a ƙirji.

"An ci," ya ce, maganar tana fita ta gefen baki. "Kowa shaida ne, ana ci."

"Karen ba ya cikin ƙungiya," in ji Aglaia. "Amma akwai sauran rana. Ka sake dafawa."

"Kifin yana cikin kare, Yaya," in ji Ortansa.

Ilarie ya ɗauko wani akwati fanko ya ce sai an jawo ɗakin daga ƙaya ya samu ƙofa. Traian ya miƙe da sauri ya ce a bar zumar, ya ba ta ɗakin, dama sun gaji da shi. Ilarie ya ce zumarsa ce, sarauniyar kuma ta fi ɗakin daraja. Ya kama ƙarfen gaban ɗakin shi kaɗai ya ja, ɗakin ya fito, ya juya shi don ƙofa ta fuskanci fili. Bayan ɗakin ya zo daidai fuskarsa.

Ya tsaya ya karanta. Ya ɗaga ragar hularsa ya sake karantawa, yana bin haruffan da yatsa.

"Na hannu na saye shi," in ji Traian.

"Baban Doina, fentin yana nan a wandonka na gida."

Ilarie ya dubi tsuntsun ya dubi Traian. "Wannan ce gaggafar?"

"Ba a gama zanen ba."

"Ruwan zafi," in ji Ilarie a hankali. "Wutar lantarki."

"Na kuma rubuta maƙwabta masu kirki, maigida. Ka tuna da wannan."

Ilarie bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu ya zare ludayin daga ƙirjin Traian, ya ɗora masa akwatin a hannu biyu, ya tura shi cikin ɗakin a gabansa. Muka taru a taga. Zumar ta dunƙule a sandar labule, daidai saman gado, ta yi tsawon gemun babban limamin coci. Ilarie ya riƙa ɗebo ta da ludayinmu, ludayi bayan ludayi, yana juyewa a akwatin da ke rawa a hannun Traian.

"Riƙe daidai, Gaggafa. In ka zubar, kai za ka tsince su da hannu."

Da suka fito Ilarie ya goge ludayin a wandonsa ya ɗaga shi. "Na wane ne wannan?"

Aglaia ta karɓa, ta cire wata zuma da ta maƙale a bakinsa, ta sa shi a hammata. Ta kwance robar littafinta, ta lashi yatsa, ta buɗe. Akwai zango a bakin tafki, ba nisa, kuma a cewar littafin matar mai wurin tana sayar da ƙwai.

"In tana da rai," in ji Traian.

"In ta mutu kajin suna nan. Ka same mu can, mijin Ortansa. Tanki biyar ne, ka zo da safar hannu."

Ilarie ya ce ɗakin ba zai motsa ba sai magariba, lokacin da sauran zumar da ta watse za ta shiga akwati. Mai ɗakin kuma ba zai motsa ba sai ya goge abin da ya rubuta, tauraro bayan tauraro, a gabansa. Ortansa ta ɗauko jakarta ta koma motar yayarta.

Traian ya ciro wayar, ya danna da yatsun da suka yi kamar ayaba. Ya ɗaga ta sama, ya juya.

"Babu sabis."

"An ce mini a sama yake," in ji Likita Mitu.

Ilarie ya nuna masa tsani.

Ni ne na ƙarshe a ayari, don haka ni na ga sauran a madubi. Traian yana tsaye a kan rufi, ƙafafu a ware a gefen tagar da ta fashe, waya a sama. Ilarie yana ƙasa da karensa. A bakin filin muka kauce wa wata doguwar farar mota mai lambar Jamus da ke shigowa. Direban ya tsaya kusa da Ilarie, ya sauke gilashi, tawul a wuyansa, ya miƙo waya yana murmushi.

Ilarie bai karɓa ba. Ya ɗaga hannu ya nuna masa rufi.